Mai Tuƙi da Kunne

A bakin kasuwar kayan gwari, ƙarƙashin rumfar kwanon da masu baburan haya ke jiran fasinja, akwai wani dattijo da ake kira Kunne. Waɗanda suka shigo sana'ar daga baya Baba Kunne suke ce masa. In ka tambaye su ainihin sunansa sai su dubi juna su yi murmushi, don ba wanda ya taɓa bukatarsa.

Ba banza sunan ya bi shi ba. Yakan zauna a benci ya ba titi baya, yana ɓare gyaɗa, sai ka ji ya ce, "Ga Dogo nan tafe, kuma har yau bai canja fulogin nan ba." Kafin a waiga sai ga Dogo ya karyo kwana, babur ɗinsa na tari kamar mai mura. Kunne ya san muryar kowane inji a layin nan yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta. Ya san wanda salansarsa ta fashe, da wanda sarƙarsa ta saki, har da wanda ya yi faɗa da matarsa da safe, domin irin wannan ba ya ba babur wuta yadda ya saba.

Tuƙinsa ba irin na yara ba ne. Ba ya gudu, ba ya kutsawa tsakanin manyan motoci. Abu ɗaya kowa ya lura da shi: in zai karya kwana ko zai sauya layi, sai ya ɗan langaɓar da kai gefen hagu, kamar mai sauraren raɗa. Yaran rumfa har kwaikwayonsa suke yi in ya ba da baya. Amma masu ƙwai shi suke ba kaya, iyaye shi suke ba 'ya'yansu. Akwai wata malamar firamare da tun tana sabuwar ɗauka shi yake kai ta makaranta kowace safiya, har ga shi yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

Abin da ba su sani ba, mutum biyu ne suka rage a duniya da suka san shi, shi da matarsa. Tun yana da ƙuruciyarsa, wata rana yana bin bayan tifa mai ɗauke da tsakuwa, tayarta ta harbo dutse ya same shi a idon hagu. A lokacin ba mai sa hular kwano, balle mai gilashi. Idon ya kumbura, ya sace, ya koma kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Yana motsi, yana ƙiftawa, har hawaye yakan kawo in iska ta buge shi. Gani ne kawai ba ya yi. Likitan da ya duba shi ya daɗe yana haska masa 'yar fitila, sannan ya kashe ta ya ce masa ya yi haƙuri.

Ranar ya koma gida ya zauna a bakin gado, ko takalmi bai cire ba. Matarsa na goyon 'yarsu ta fari. Ta ce, "To yanzu fa, Malam?"

Ya ce, "Ina da kunne."

Washegari ya fita aiki. Daga nan rabin titi ya zama na ido, rabi ya zama na kunne. Motar da ke tafe ta hagunsa, tun tana nesa ya san girmanta, ya san saurinta, ya san ko direbanta mai haƙuri ne. Da haka ya ciyar da gida, ya yi wa yara makaranta, ya aurar da na aurarwa, kuma bai taɓa kayar da fasinja ba. Wannan ne abin da yake taƙama da shi a ransa, ko da yake bakinsa bai taɓa furtawa ba.

Sai hukuma ta fito da sabuwar doka. Baburan fetur ba za su ƙara ɗaukar fasinja a cikin gari ba. Mai son ci gaba da haya sai ya koma na lantarki. Ƙungiya ta shiga tsakani, aka karɓi tsofaffin aka ba da sababbi. Ciyaman na ƙungiya ya tara su a rumfa, ya hau benci yana bayani, gumi na bin wuyansa. Babur sai da lamba. Inshora dole ce. Hular kwano biyu, ta direba da ta fasinja, kuma fasinjan nan ɗaya ne, ba uwa da yara da buhun albasa ba. Fitila ba a kashe ta ko da rana tsaka.

"Da rana?" in ji Dogo. "Ranar ce ba ta gani ko mu?"

"Kai ne ba a gani," Ciyaman ya ce. "Da can hayaƙinka da ƙararka ke gaya wa mutane kana tafe. Yanzu ba ka da ko ɗaya. Kuma duk wanda ya kai babur wurin bakanike aka cire masa abin da ke rage gudu, in an kama shi kada ya ce ya san ni."

Aka yi dariya. Ya ɗaga hannu.

"Saura ɗaya. Tsohon lasisi ya mutu. Kowa zai yi aiki da takardar wucin gadi kafin layi ya zo kansa, sannan ya sake gwaji, na ido da na titi. Ba babba ba yaro."

"Har Baba Kunne?" wani ya tambaya daga baya. "Ai shi ya kamata ya gwada masu gwajin."

Kunne ya yi murmushi tare da su. Gyaɗar da ke hannunsa dai bai ƙara kai ta baki ba.

Sabon babur ɗin ba shi da laifi. Ba sai an buga masa ƙafa ba, ba giya, ba warin mai a riga. Ka murɗa makulli, wata 'yar fitila koriya ta kama, shi ke nan. Ranar farko Kunne ya tsaya yana jiran ya ji inji, har Dogo ya ce masa, "Baba, ai ya tashi tuntuni, kai yake jira."

Shirun nasa bai dame shi ba. Na sauran ne ya dame shi. Cikin ɗan lokaci titi ya cika da babura marasa murya, suna sulalewa kamar kifi a ruwa. Motoci yana jin su kamar da. Amma baburan, sai dai ya ga mutum ya ɓullo daga duhun hagunsa, ya riga ya wuce kafaɗarsa. Yakan langaɓar da kai ya kasa kunne har wuyansa ya yi tsami, abin da yake samu bai wuce wani siririn zuuu ba, shi ma sai abin ya zo dab. Hular kwanon kuma ta zo da nata: soso ne a cikinta mai kauri, ya rufe kunnuwa biyu ruf.

Wata safiya yana ɗauke da Malama, sun iso shatale-talen da ke kusa da asibiti. Ya sa sigina, ya saurara, hagu shiru. Ya karkata. Sai ji ya yi an fizgi babur ɗin ta baya, Malama ta yi salati da ƙarfi. Wani saurayi ne a kan babur irin nasa, hannun birkinsa ya kama igiyar jakarta. Suka yi tangal-tangal su duka, Allah ya tsare ba wanda ya kai ƙasa.

"Baba, ba ka gani ne?" saurayin ya daka tsawa.

Malama ba ta bari Kunne ya buɗe baki ba. "Kai, rufe mana baki, marar kunya! Wanda kake yi wa tsawa tun ba a haife ka ba yake kan titin nan. Kuna tafe kamar ɓarayi, ba hon ba sallama, sannan ka ce wa babba ba ya gani?"

Saurayin ya ga mutane sun fara taruwa, ya ja babur ɗinsa ya wuce yana gunaguni. Malama ta duba zanenta da ya yage a gwiwa, ta kaɗe shi. "Mu tafi, Baba. Yaran yanzu sai addu'a."

Ya kai ta ƙofar makaranta. Da ta miƙo masa hularta, sai da ya kai hannu sau biyu kafin ya riƙe.

Da la'asar matarsa ta fito tsakar gida da tsintsiya, ta same shi zaune a kan tabarma, hular kwano a cinya, yana ƙwaƙule soson gefen hagu da wuƙar yanka albasa. Babur ɗin na jingine da bango, wayar caji a jikinsa.

"Me hular ta yi maka?"

"Ta matse ni."

Ta dubi guntayen soson da suka watse a tabarma. Ta jingine tsintsiyar ta zauna nesa kaɗan, ta damansa, inda ta saba zama tun shekarun nan.

"Malam, 'ya'yan mutane kake ɗauka fa."

"Yau na fara?"

"Da titi yana yi maka magana."

Wuƙar ta ci gaba da aikinta.

"Ka gaya wa masu gwajin nan gaskiya. Wataƙila akwai yadda za su yi."

"In gaya musu su ce mini me? Sannu? In na ajiye makulli sai in yi me, in zauna a ƙofar gida ina gaida masu wucewa?"

Can ta ce, a hankali, tana duban ƙafarta, "Ɗazu 'yarka ta kira. Wai gobe ka biya ka kai mata yaron asibiti a yi masa allura. Na ce mata babur ɗin ba caji."

Ya ɗago ya dubi bango. 'Yar fitilar cajin koriya ce shar, ta cika tun azahar. Matarsa ta miƙe ta ɗauki tsintsiyarta, ta share guntayen soson, ta shiga ɗaki.

Layin gwajin ya zo kansu shi da Dogo rana ɗaya. Ofishin wani dogon gini ne mai benci a baranda, masu babura cike, kowa da hularsa a hannu. Gwajin ido a ɗakin farko ake yi. Wata ma'aikaciya ce mai farar riga, fanka na juyawa a samanta tana ƙiƙi-ƙiƙi. A bango an liƙa allo mai wata alama mai ƙafa uku, manya a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Ba karatu ake yi ba. Ta nuna da sanda, kai kuma ka nuna da hannu inda ƙafafun suka duba.

Dogo ya shiga ya fito yana washe baki. "Ta ce idona kamar na shaho. Na ce mata ai shi ya sa na gan ta tun daga waje."

"Za ka ga mari," wani ya ce.

"Na gaba!"

Kunne ya shiga ya tsaya a kan jan layin da aka shata a ƙasa.

"Sannu, Baba. Rufe na hagu da tafin hannu."

Ya rufe. Sandar ta sauka daga sama har layin ƙarshe, yana nunawa, sama, dama, ƙasa, dama, bai yi kuskure ba.

"Kai, Baba, idonka ya fi nawa. To ɗayan."

Ya sauke hannun hagu, ya ɗaga na dama ya ɗora a kan idonsa. Ɗakin ya tafi. Ba allo, ba farar riga, ba taga. Fanka kawai. Ya ji kan sandar ya taɓa allo, ƙwas.

"Ina ta duba?"

Zufa ta keto masa a ƙarƙashin tafin hannun.

"Baba? Wannan babbar ce fa."

Sai aka turo ƙofa. Wani masinja ya leƙo yana tambayar makullin ɗakin ajiya. Kunne ya ji takalmin ma'aikaciyar ya juya, ya ji tana cewa ba a wurinta yake ba, a tambayi mai gadi. Bai san lokacin da ya yanke shawara ba. Yatsunsa biyu na tsakiya suka rabu kaɗan, kamar faɗin zare, haske ya shigo.

"Yi haƙuri, Baba. Ina ta duba?"

"Sama."

Ya bi sandar har inda ta tsaya. Ta buga hatimi a takardarsa, ta ce Allah ya tsare hanya. Da ya fito baranda Dogo ya ɗaga masa babban yatsa. Shi kuwa ya nemi famfo ya daɗe yana wanke hannu.

Gwajin titi a hannun wani jami'i yake, gajere mai kauri, wanda masu babura suka raɗa wa suna Ba Dariya. Da farko a fili ake yi, a zagaya wasu jajayen robobi da aka jera, a taka birki a kan layi. Wannan Kunne ya yi shi kamar yana shan ruwa. Daga nan sai a fita titi na gaske, mai gwaji yana bin ka a kan nasa babur ɗin.

Dogo ya riga shi fita. Ya dawo fuska a murtuke, ya jefa hularsa a benci.

"Wai na faɗi. Wai ban waiga ba kafin in shiga hagu. Na ce masa, Yallaɓai, to madubin nan ado ne? Ya ce akwai wurin da madubi ba ya kaiwa, daidai kafaɗa, kuma nan babur marar ƙara ke ɓuya. Sigina, madubi, waiwaye. Baba, ka waiga masa har wuyanka ya karye, shi ne abincinsa."

Ba Dariya ya karɓi takardar Kunne, ya duba hatimin, ya duba lambar babur, ya matsa hon, ya ja igiyar hularsa ya ga ta ɗauru.

"Ka bi titin nan, ka zagaya shatale-tale, ka miƙe. In ka kai mararrabar da ke gaban kantin taya, ka shiga hagu ka dawo. Ina bayanka. Ka manta da ni."

"To, Yallaɓai."

Suka fita. Rana ta take, titi cike. Kunne na maimaitawa a ransa: sigina, madubi, waiwaye. Ga mai ido biyu waiwaye ɗan juya wuya ne. Shi kuwa kafin idon dama ya kai bayan kafaɗar hagu sai ya murɗa ƙirjinsa gaba ɗaya, ya saki gabansa na ɗan lokaci, abin da jikinsa bai saba ba. Ya yi a fitar ƙofa. Ya yi a shatale-tale, babur ɗin ya ɗan yi rawa ya daidaita shi. Kowane karo yana hango farar hular jami'in a baya, nesa kaɗan. Numfashinsa ya fara sauka.

Sun kusa kantin taya, ya sa sigina. Nan titi ya rikice. Wata motar ɗaukar kaya ta tsaya cak a gabansa ba gargaɗi. Wata mata da faranti a ka ta ratso tsakanin motoci tana jan yarinya. Bas ɗin da ke bayansa ta danna hon ba ƙaƙƙautawa. Idonsa ɗaya na kan matar, na kan yarinyar, na kan bayan motar kayan. Gefen hagu kuwa, jikinsa ya yi abin da ya saba yi tun kafin a haifi rabin mutanen da ke titin. Kansa ya langaɓe. Ya saurara. Shiru. Ya karya.

Ƙarar taya a kan kwalta ya fara ji, dab da gwiwarsa, sannan ƙarfe ya daki ƙasa. Ya taka birki ya juya da dukan jikinsa. Ba Dariya na kwance a gefensa, babur ɗin ya danne masa ƙafa ɗaya, tayar baya na ta juyawa ba sauti.

Kafin ka ce me mutane sun kewaye su. "Wa ya buge wa?" "Tsohon ne ya shigo masa!" "A'a, shi ne ya matso!" Masu kantin taya suka ɗaga babur ɗin. Jami'in ya miƙe a hankali, wandonsa ya yage, tafin hannunsa na dama ya saluɓe yana jini.

"Ba komai," ya ce wa taron. "Ni na zame. Kowa ya kama gabansa."

Ya yi wa Kunne alama suka tura baburan zuwa inuwar kantin, bayan tarin tsofaffin tayoyi inda ba mai jin su. Kunne na ta cewa, "Sannu, Yallaɓai, sannu."

"Cire hular."

Ya cire.

"Na ga ka yi waiwaye sau biyu kamar mai juya buhu. Na ce bari in matso in gani. A na ukun ba ka waiga ba, kunne ka miƙo mini." Ya matso har suna jin numfashin juna. "Dubi hancina. Kada idonka ya bar nan."

Kunne ya dube shi. Ya ga kafaɗar jami'in ta ɗaga, hannun ya miƙe ya tafi gefen hagunsa, ya shige inda ba komai.

"Baba, yatsuna suna motsi ko a tsaye suke?"

Amsa biyu ce kawai. In ya yi caca, rabi nasa ne. Ya kasa kunne ko zai ji motsin hannun riga, ko ƙarar agogo. Bas na hon a titi, wani na dukan taya da guduma. Jami'in bai ƙifta ba.

"Ban sani ba, Yallaɓai."

Hannun ya sauko ya dawo cikin duniya. Jami'in ya ciro hankici ya naɗe shi.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka fara wannan aikin."

"Ka taɓa kayar da wani?"

"Kai ne na farko."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Ba Dariya, ya koma. Ya zauna a kan taya yana duba gwiwarsa.

"Ni na matso ina zarginka, yatsuna na kan birki, ga shi duk da haka na sha ƙasa. Wanda zai zo ta nan gobe ba ya zargin komai. Wanda ke bayanka a zaune ma haka." Ya ɗago. "Ba zan sa hannu a lasisin ɗaukar mutum ba. Ko ka kawo Ciyaman, ko ka kawo wanda ya fi shi."

"Yallaɓai, sana'ar nan kaɗai na iya." Muryar ta fito ƙarama, shi kansa bai gane ta ba. "Ban iya awo ba, ban iya ɗinki ba. Ina da iyali."

"Na sani."

Mai gudumar ya gama da tayarsa ya kama wata.

"Akwai lasisin ɗaukar kaya," jami'in ya ce. "Doka ba ta hana mai ido ɗaya ba, in likita ya duba mai kyan ya rubuta. A sa maka babban madubi a hagu. Ka je ka koya wa wuyanka abin da bai iya ba, ka dawo in sake bin ka. In ka duba da ido, na sa hannu. In ka sake miƙo mini kunne, ka ajiye makulli a teburina." Ya ciro takardar gwajin idon daga aljihu, ya dubi hatimin, ya ninke ta ya mayar. "Wannan kuma ban tambaye ka yadda aka yi ba. Kada ka sa in tambaya."

Ranar a ƙafa Kunne ya tura babur ɗinsa har gida. Matarsa ta gan shi ya shigo da shi a hannu, ta dubi fuskarsa, ta shiga ta kawo masa ruwa. Sai da ya sha ya ce, "An gani." Ta ce, "To."

Labari bai kwana ba a rumfa. Kwanakin farko in ya iso sai hira ta mutu, yara su riƙa ba shi wuri kamar mai zaman makoki. Dogo ne ya fasa abin. Ya zo ya tsaya masa a gaba, hannu a ƙugu.

"Yanzu Baba, duk gwalon da nake yi maka ta wannan gefen, shekara da shekaru, a banza na yi?"

"Ina jin ƙarar harshenka," Kunne ya ce.

Rumfa ta ɗauki dariya, har da masu share ido.

Ya je wurin likita. Ya sa aka ɗaura masa madubi mai faɗi kamar na mota. Kullum da sassafe, kafin titi ya cika, yakan tafi wani fili a bayan makaranta ya yi ta zagaye shi kaɗai, yana murɗa ƙirji yana duba bayan kafaɗa, har bayansa ya riƙa ciwo matarsa na gasa masa da ruwan zafi. Wuyan tsoho ba ya son sabon karatu. Sau da yawa yakan kama kansa ya langaɓe, sai ya tsaya, ya koma farkon filin.

Da ya koma, Ba Dariya ya bi shi hanyar da ta fi ta farko tsawo, ya yi ta matso masa ta hagu, ya ja baya, ya sake matsowa. Da suka dawo ofis bai ce masa ya yi kyau ba. Ya sa hannu kawai, ya tura masa katin. A jikinsa an rubuta kaya kaɗai.

Malama ya haɗa ta da wani mai hankali daga cikin yaran, bayan ya bi shi a baya ya ga tuƙinsa. Bakanike ya kwance kujerar baya, ya ɗaura akwatin ƙarfe a wurinta. Kunne na tsaye har aka ɗaure noti na ƙarshe. Da bakaniken ya tambaye shi ko zai tafi da kujerar, ya ce a bar ta nan.

Yanzu in ka je bakin kasuwar da hantsi za ka same shi. Har yau akan sami wadda ba ta ji labari ba, ta zo da yaro a hannu tana tambayar Baba Kunne. Yakan gaishe ta, ya tambayi mutanen gida, ya shafa kan yaron, sannan ya nuna mata wani. Shi kuma ya jera kiret ɗin ƙwai a akwati, ya ja igiya ya gwada ta, ya ɗaura hula. A bakin kwalta yakan tsaya ya sa sigina, ya juya da kafaɗunsa duka biyu, ya daɗe yana duban abin da ke tafe. Na bayansa su yi ta hon. Sai ya gama gani yake shiga.